Yadda ake haɗa hannu a binciki tarihin aikin tsohon jami'in gwamnati da mutanen da ke kewaye da shi

Da zarar zaɓe ya ƙarato, ko aka fara jin ƙishin-ƙishin naɗe-naɗe, sai tsofaffin fuskoki su dawo jikin bango: tsohon kwamishina, tsohon shugaban ƙaramar hukuma, tsohon babban sakatare da ya yi ritaya yanzu yake neman kujerar majalisa. A majalisar ƙofar gida wani zai rantse cewa shi ya kawo mana asibiti, wani ya rantse cewa shi ya cinye kuɗin asibitin, a tashi kowa da nasa, babu mai takarda ko ɗaya a hannu. Alhali tarihin mutumin yana nan. A warwatse yake kawai. Wani yanki yana kan tsohon akawun da ya yi aiki a ƙarƙashinsa, wani yana cikin jaridun da malamin makaranta ya tara a adaka, wani yana shafin Hukumar Rajistar Kamfanoni, wanda ɗalibi mai waya zai buɗe cikin minti biyar. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, amma idan masu ɗauka ba su da mai ce musu "ɗaga, sauke", jinkar kan wani za ta faɗa.

An gwada wannan a wasu wurare, an ga kyansa an ga muninsa. A 2009 jaridar Guardian ta Ingila ta zuba dubban ɗaruruwan shafuka na takardun kuɗin da 'yan majalisar ƙasar suka karɓa, ta ce masu karatu su taya ta dubawa. Jama'a suka yi ta nuna wuraren da suke zargi, 'yan jaridar kuma suka riƙa tantancewa kafin su buga. A 2013 kuwa, bayan harin bam a gasar gudu ta Boston a Amurka, masu amfani da shafin tattaunawa na Reddit suka shiga farautar wanda ya aikata babu mai tace musu magana, suka ɗora laifin a kan wani ɗalibi da ya ɓace wanda ba ruwansa, iyalinsa suka shiga tashin hankali a kan wanda suke ciki. Dukansu taro ne. Na farkon yana da masu tacewa da takardu a gabansa, na biyun zato kawai yake bi. Duk matakan da ke ƙasa an gina su ne a kan wannan bambanci.

Mataki na 1: Ku rubuta tambayarku, ku ja iyaka

Kafin a buɗe zaure a WhatsApp, mutum uku ko huɗu su zauna su rubuta a jimla biyu abin da ake son sani. Misali: waɗanne muƙamai ya riƙe, daga yaushe zuwa yaushe, waɗanne ayyuka aka bayar a ƙarƙashinsa, su wa suka samu, kuma ina ya nufa bayan ya sauka. Idan tambayarku ita ce "yaya za mu tona masa asiri", kun riga kun yanke hukunci, kuma duk abin da ya saɓa wa hukuncin za ku kau da kai daga gare shi.

Sai iyaka, ita ma a rubuce. Abin da ya shafi kujerar da ya hau da dukiyar jama'a da ta ratsa hannunsa, haƙƙin kowa ne ya tambaya. Rashin lafiyarsa, zaman aurensa, makarantar da ƙananan 'ya'yansa suke, lambar wayarsa, kwatancen gidan da yake kwana, babu ɗaya da zai shiga. Ɗan uwa ko suruki ba ya shigowa sai sunansa ya fito a takardar kamfanin da ya ci kwangila ko a wani naɗi na gwamnati, kuma ko a nan ɗin, wannan takarda kaɗai ta shafe ku. Sura ɗaya ce, Hujurat, ta umarce mu da tabbatar da labari kafin mu afka wa mutane, kuma ta hana mu bin diddigin asirin juna. Ina ganin ba a raba umarnin biyu a wannan aiki. Dokar Kare Bayanan Jama'a ta 2023 ma tana nan ga wanda ya yaɗa bayanan sirrin wani.

Mataki na 2: Ku tsayar da masu tacewa

Mutum uku zuwa biyar sun isa. A samu mai haƙurin karanta takarda, a samu dattijo ko dattijuwa da ta san garin da dangantakar gidaje, in da hali a samu lauya ko ɗan jarida. Abin da na fi nacewa a kai shi ne a saka wanda yake ganin kirkin mutumin da ake bincika. Shi ne zai riƙa cewa "ina hujja?" a inda sauran suka yi saurin gamsuwa. Kowa kuma ya faɗi tsakaninsa da mutumin tun farko: wanda aka taɓa kora daga aiki a zamaninsa, ko wanda yake yi wa abokin hamayyarsa kamfe, zai iya kawo bayani, amma ba zai zauna a kujerar tacewa ba.

Mataki na 3: Ku tattara duk sunayensa

A nan bincike a ƙasar Hausa yake da tarkon da babu shi a wasu wurare, kuma a nan na ga an fi yin kuskure. Mutum ɗaya yana iya zama Muhammad a takardar firamare, Mohammed a ta jami'a, Muhammadu a jaridar Hausa, Mamman a bakin 'yan ajinsu. Abubakar shi ne Garba, shi ne Habu, shi ne Buba. Usman yana amsa Shehu, Umar yana amsa Sanda ko Faruk, Yusuf yana amsa Maitama, Abdullahi ya koma Audu, Ibrahim ya koma Iro. Sani da Salisu da Rabi'u galibi akwai Muhammad a gabansu da ba a cika rubutawa ba. Da yawa cikin waɗanda suka shiga makarantar kwana a da, sunan garinsu aka liƙa musu a madadin na uba, daga baya wasu suka sauya. In ya samu sarauta kuma, jaridu sukan daina kiran sunansa gaba ɗaya, sai dai Wazirin kaza ko Ɗan Masanin kaza. Ga mata, akwai sunan uba kafin aure da na miji bayansa.

Ku buɗe shafi guda ku jera duk waɗannan, har da yadda Turawa da 'yan Kudu suke karkata rubutun sunan. Duk wanda zai yi nema a intanet ya gwada kowanne ɗaya bayan ɗaya.

Ɗaya fuskar tarkon ita ce takwara. A wani bincike da muka yi kan wani tsohon jami'i a yankinmu, wani matashi ya turo hoton rajistar kamfani da sunan darakta iri ɗaya sak da na ƙanen mutumin, suna uku a jere. Zaure ya ɗauki zafi, har an fara cewa an kama shi. Wata tsohuwar shugabar makaranta da ke cikin masu tacewa ta ce a tura mata hoton. Da ta duba sai ta turo saƙon murya: "Ɗana, duba shekarar da aka yi wa kamfanin nan rajista. A lokacin yaron nan yana aji biyar a hannuna. Wannan wani ne daban." Aka bi adireshin, ashe ɗan kasuwa ne a wata jiha da bai taɓa sanin mutumin namu ba. Tun daga ranar muka kafa doka: ba a cewa suna biyu mutum ɗaya ne sai abu biyu sun dace bayan sunan, kamar adireshi da shekarar haihuwa, ko hoto da sa hannu.

Mataki na 4: Ku shimfiɗa shekarunsa a layi

Wannan shi ne ƙashin bayan aikin. Ku ja layi daga shekarar haihuwar da ya faɗa zuwa yau, ku cike: firamare, sakandare, jami'a, bautar ƙasa, aikin farko, kowane ƙarin girma, kowane naɗi, ranar sauka. Ku fara da abin da shi da kansa ya faɗa, a takardar tarihinsa da ya miƙa wa majalisa lokacin tantancewa, a hirarrakinsa, a ƙasidar da aka raba ranar naɗin sarautarsa.

Wuri mafi amfani idan ya taɓa tsayawa takara shi ne fom ɗin rantsuwar da ya miƙa wa INEC, wanda a da ake kira CF001, daga baya ya koma EC9. A ciki ya rantse kan shekarunsa, makarantunsa da wuraren da ya yi aiki. Dokar Zaɓe ta tanadi a kafe waɗannan bayanai a mazaɓar ɗan takara, kuma kowa na iya neman kwafi idan ya biya kuɗin da aka ƙayyade. In ya tsaya takara sau biyu ko uku, ku nemi dukansu ku jera su gefe da gefe.

Abin da kuke nema giɓi ne da karo: shekara uku da ba a san inda yake ba, digirin da aka ce an gama kafin a gama sakandare, muƙami biyu a gari biyu a lokaci guda. Irin wannan lissafi ne ya kayar da Salisu Buhari daga kujerar kakakin Majalisar Wakilai a Yulin 1999, bayan mujallar The News ta nuna cewa bai yi karatu a Jami'ar Toronto ba kamar yadda ya ce, kuma ya ƙara wa kansa shekaru don ya kai 30 ɗin da tsarin mulki yake buƙata a lokacin. Sai dai giɓi tambaya ce kawai, ba amsa ba. Wani giɓin jinya ce, wani zaman kashe wando ne da mutum yake jin nauyin faɗa.

Ku tuna da ƙirƙiro jihohi. Wanda ya fara aiki a Katsina kafin 1987 ma'aikacin jihar Kaduna ne. Na Jigawa kafin 1991 fayil ɗinsa a Kano ya faro, na Kebbi a Sakkwato, na Yobe a Maiduguri. Zamfara ta fita daga Sakkwato, Gombe daga Bauchi, Nasarawa daga Filato, duk a 1996. Mai nema a babban birnin sabuwar jiha kaɗai zai dawo ya ce babu komai.

Mataki na 5: Ku gina rumbu guda

Tebur ɗaya a Google Sheets ya wadatar, kuma masu tacewa kaɗai ke da ikon gyara shi. Kowane layi magana ɗaya: abin da aka ce, ranar da ya faru, daga ina aka samo, wa ya kawo, ina kwafin yake, an tabbatar ko ba a tabbatar ba. A gurbin "wa ya kawo" ku sa lamba, sunayen kuma mutum ɗaya ya riƙe su a littafi, ba a waya ba. Duk shafin intanet da kuka dogara da shi, ku adana shi nan take a Wayback Machine na archive.org, domin labarai suna ɓacewa, musamman idan mai labarin ya fara shirin dawowa siyasa. A can ɗin kuma za ku iya ganin tsohon shafin ma'aikatarsa yadda yake a zamaninsa, da jerin daraktoci da 'yan hukumar gudanarwa.

Mataki na 6: Ku raba aikin ƙanana-ƙanana

"Kowa ya nemo abin da zai iya" ba rabon aiki ba ne. Mutum ya fi cika alƙawari idan aka ce masa: duba jaridun wata shida na shekara kaza, ko nemo masu kamfanonin nan biyar kafin Juma'a.

Masu duba jarida. Na kwanan nan suna intanet: Daily Trust, Aminiya, Premium Times, sashen Hausa na BBC da sauransu. Na da kuwa sai an taka. Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939 ta fara fitowa, New Nigerian a 1966, kuma ana samun tsofaffin kwafi a Gidan Arewa da Ma'adanar Tarihi ta Ƙasa da ke Kaduna, da ɗakunan karatu na jami'o'i irin na Kashim Ibrahim a ABU Zariya. Shafin Archivi.ng ma yana ɗora tsofaffin jaridun Najeriya. Kada a tsallake tallace-tallacen taya murna. Ranar da aka naɗa mutum, kamfanoni da ƙungiyoyi sukan sayi shafi guda su taya shi murna da sunayensu a ƙasa, kuma sau da yawa nan ne za ka fara ganin su wa ke kusa da shi.

Masu duba kamfanoni. A shafin neman bayani na Hukumar Rajistar Kamfanoni (CAC) ana ganin sunan kamfani, lambar RC, ranar rajista da matsayinsa kyauta. Cikakken rahoto mai ɗauke da daraktoci da masu hannun jari sai an biya. Tun 2023 hukumar ta buɗe rajistar ainihin masu kamfani, wadda ke nuna mai riƙe da kashi 5 cikin 100 ko fiye, bisa Dokar Kamfanoni ta 2020. Ranar rajista ta fi komai magana: kamfanin da aka haifa wata biyu bayan naɗin mutum, ya ci kwangila a ma'aikatarsa wata uku bayan nan, ya cancanci a tsaya a kansa. Jadawali na Biyar na tsarin mulkin 1999 ya hana ma'aikaci na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa in ban da noma, don haka ganin sunansa a matsayin mai tafiyar da kamfani a shekarun da yake kan kujera abin rubutawa ne.

Masu bin sawun kuɗi. Kasafin kuɗi yana nuna abin da aka yi niyya ne kawai. Abin da aka biya ana neman sa a shafin Open Treasury da gwamnatin tarayya ta buɗe a Disambar 2019, da Govspend na ƙungiyar BudgIT da ke tattara waɗannan biye-biye. Rahoton shekara-shekara na Odita-Janar, na tarayya da na jiha, yana ambaton ma'aikatu da kuɗin da ba a yi bayaninsu ba. A nan a yi hattara da shekara: rahoton da ya fito bana yana iya magana kan kuɗin shekara uku baya, lokacin da wani ne a kujerar. Sannan a ma'aikatar gwamnati babban sakatare ne jami'in da ke da alhakin kuɗi a hukumance, don haka ku gano wa ya sa hannu kafin ku ɗora wa kwamishina ko minista.

Masu ganin ido. Takarda ta ce an gina ɗakin haihuwa a ƙauye kaza, to wani ya hau babur ya je. Ya ɗauki hoton ginin, da allon kwangila in yana nan, ya gaida mai unguwa ya tambayi yaushe aka fara, yaushe aka tsaya. Abin da Tracka, shirin BudgIT na bin diddigin ayyukan gwamnati, take yi ke nan tun 2014, kuma ba ya buƙatar komai sai waya da man babur. In an tarar da aikin an yi shi da kyau, a rubuta haka da girman harafin da za a rubuta akasinsa.

Masu kotu. A nan harshe yake yawan zamewa. Ƙorafi daban, gayyatar EFCC ko ICPC daban, gurfanarwa daban, hukunci daban, kuma bayan hukunci akwai ɗaukaka ƙara. An yanke wa tsohon gwamnan Abiya, Orji Uzor Kalu, shekara 12 a Disambar 2019, amma a Mayun 2020 Kotun Ƙoli ta soke shari'ar saboda alƙalin da ya yanke ta an riga an ɗaga shi zuwa Kotun Ɗaukaka Ƙara. Joshua Dariye na Filato da Jolly Nyame na Taraba an ɗaure su a 2018, aka yi musu afuwa a 2022. Kemi Adeosun ta ajiye muƙamin ministar kuɗi a Satumbar 2018 bayan rahoton Premium Times kan takardar yafe mata bautar ƙasa, amma a 2021 Babbar Kotun Tarayya ta ce tun asali bautar ƙasar ba ta hau kanta ba. Wanda ya tsaya a kanun labari na farko a kowane ɗaya cikin waɗannan, rabin magana ya kawo. Ku nemi lambar ƙara, ku bi ta har inda ta tsaya, in da hali ku karɓi kwafi mai hatimin kotu daga magatakarda.

Masu ƙetare. Idan babban jami'i ne, a gwada sunayensa a rumbun Offshore Leaks na ƙungiyar 'yan jaridar bincike ta duniya, ICIJ, inda bayanan Takardun Panama na 2016 da na Pandora na 2021 suke, da rumbun Aleph na takwararta OCCRP, da Companies House, shafin rajistar kamfanonin Birtaniya, wanda kyauta ne. Fitowar suna a can ba laifi ba ne a karan kansa. Abin tambaya shi ne ko ya bayyana kadarar ga Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata, tunda doka ta wajabta masa bayyana dukiyarsa lokacin hawa, duk shekara huɗu, da lokacin sauka. Ku sani dai hukumar ta daɗe tana ƙin sakin waɗannan fom ga masu nema.

Mai wasiƙa. Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba kowa damar neman takarda daga ma'aikatar gwamnati ba tare da ya faɗi dalili ba. Ma'aikata tana da kwana 7 ta amsa, tana iya ƙara wasu 7, in ta hana kuma kana da kwana 30 ka je kotu. Ku nemi abu takamaimai: jerin kwangilolin da aka bayar daga wata kaza zuwa wata kaza, da sunan kamfani da adadin kuɗi. A kai wasiƙar da hannu da kwafi biyu, a buga wa naku hatimin "an karɓa" da kwanan wata. Sau da yawa shiru za ku ji. Shirun ma a rubuta shi a tebur, da ranarsa.

Mataki na 7: Ku buɗe ƙofa ga jama'a

Sai yanzu, bayan ƙashin baya ya tsaya, za ku yi kira. Kiran ya zama tambayoyi ne, babu zargi a ciki: wa ya san inda ya yi aiki tsakanin shekara kaza da kaza? Wa yake da hoto ko ƙasidar bikin buɗe aiki kaza? Amsa ta tafi kai tsaye ga masu tacewa, ta fom ko ta lamba guda, kada a zuba ta a zauren da kowa ke gani, domin abin da aka zuba a zaure kafin Magariba ya zaga gari da sunan "an gano".

Ku karɓi saƙon murya, kuma ku je wurin waɗanda ba sa riƙe babbar waya. Mafi kyawun abin da muka samu a wancan bincike daga wani tsohon masinja ya fito. Muka same shi bayan La'asar a zaurensa, muka gaisa, muka faɗi abin da ya kawo mu. Ya yi shiru, sannan ya aiki jikansa ya ɗauko wata jakar leda daga ƙarƙashin gado. Ƙasidun bukukuwa ne na shekaru, wasu gara ta ci gefensu, kowace da jerin manyan baƙi da sunan ɗan kwangila. Na ce, "Baba, za ka yarda mu ɗauki hotonsu?" Ya ce, "Ku ɗauka, amma kada sunana ya fita, fanshona a hannunsu yake." Ba mu fitar ba, kuma ko a tebur lamba ce a gurbinsa. Ma'aikacin da ke kan aiki kuwa kada ku matsa masa ya sato fayil. Dokar Sirrin Gwamnati ta 1962 tana nan, kuma shi zai kwana a ciki, ba ku ba.

Mataki na 8: Ku tace

Kowace magana ta faɗa ɗaya cikin kwando uku: mai takarda, mai shaidu biyu da ba daga bakin juna suka ji ba, da ji-ta-ji-ta. Shafuka goma da suka kwafi labari ɗaya majiya ɗaya ce. Mutum biyar da suka ji daga direba ɗaya, direban ne majiyar. Hoto a saka shi a Google Lens ko TinEye a ga inda ya fara fitowa. Takardar da ta zo daga lambar da ba a sani ba, mai ɗauke da duk abin da kuke fatan samu, ita ce za ku fi tuhuma: ku duba ko sunan ma'aikatar haka yake a shekarar, ko ranar da ke jiki ba Lahadi ba ce, ko mai sa hannun yana kujerar a lokacin. Abokan hamayya suna jefo jabu, wani lokaci ma mutanensa ne ke jefowa don ku buga su ƙaryata ku gaba ɗaya. Shafukan tantance labarai na Dubawa da Africa Check sun riga sun tantance maganganu da yawa, a leƙa ko taku tana ciki.

Kwando na uku ba ya fita waje ko da kowa ya yi imani da shi. Amfaninsa ya nuna muku inda za ku ƙara tono.

Mataki na 9: Ku zana alaƙoƙin

Ku samu babbar takarda, sunansa a tsakiya, kowane mutum ko kamfani a da'ira, kowane layi da ke haɗa su a rubuta masa iri da shekara da hujja: ubangidansa a siyasa, wanda ya naɗa shi, wanda shi ya naɗa, abokin hannun jari, ɗan kwangila, inda ya samu kujerar darakta bayan ritaya. Wannan na ƙarshen a kula da shi sosai, domin mai sa ido a kan wani fanni da ya sauka ya koma hukumar gudanarwar kamfanin da yake sa wa ido, tambaya ce mai nauyi.

Amma a ƙasarmu kowa ɗan uwan kowa ne. Manyan Arewa na wani zamani kusan duk sun ratsa Barewa ko Rumfa ko ABU, da yawa sun haɗu a cibiyar horar da manyan jami'ai da ke Kuru, kuma auratayya ta ɗaure gidaje da yawa. Zama ɗan ajin wani, ko tsayawa kusa da shi a hoton ɗaurin aure, ba ya nuna komai. Layin da ke da nauyi shi ne wanda amfani ya bi ta kansa, kuɗi ko muƙami ko fili, a lokacin da mutumin yake da ikon bayarwa. Irin waɗannan ku ja su da jan biro, sauran da fensir. Galibi za ku ga jajayen ba su wuce uku ko huɗu ba, kuma su ne rahotonku.

Mataki na 10: Ku ji ta bakinsa, sannan ku fitar

Ku rubuta masa wasiƙa cikin ladabi, da laƙabin da aka san shi da shi, ku jera abin da kuka samu a matsayin tambayoyi, ku ba shi mako guda ko biyu. Haka duk wanda sunansa zai fito. Waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi, kuma na ga inda amsa ɗaya da takarda ɗaya suka rushe zargin da muka yi wata guda muna ginawa. In ya amsa, a sa amsarsa cikakkiya. In bai amsa ba, a faɗi ranar da aka kai wasiƙar da wanda ya karɓa a ofishinsa, ba tare da suna ba.

Lauya ya karanta kafin kowa. Ɓata suna laifi ne a sashe na 391 da 392 na kundin Penal Code da ake aiki da shi a Arewa, kuma an sha tsare 'yan jarida da masu rubutu a Facebook da sashe na 24 na Dokar Laifukan Intanet ta 2015, har bayan gyaran da aka yi mata a 2024. Ku rubuta abin da takarda ta ce, ku bar kalmar "ɓarawo" ga alƙali: "kamfanin da aka yi wa rajista ranar kaza, mai darakta kaza, ya karɓi naira kaza daga ma'aikatar a ranar kaza, mun je wurin ranar kaza, ga abin da muka tarar." A rufe lambobin waya, adireshin gida da lambar asusu da ke jikin duk takardar da za a nuna.

Idan abin da kuka samu ya yi nauyi, ya fi ku miƙa shi ga gidan jarida mai sashen bincike, irin Premium Times, ICIR, Daily Trust ko WikkiTimes ta Bauchi, ko ku kai ƙorafi a rubuce ga ICPC, EFCC ko Hukumar Ɗa'ar Ma'aikata. Kariya daga gurfanarwa da sashe na 308 na tsarin mulki ya ba shugaban ƙasa, gwamnoni da mataimakansu tana ƙarewa ne ranar da suka sauka, sauran jami'ai kuwa ba su da ita tun farko. In ku za ku fitar da kanku, ku yi shi da Hausa da Turanci, a karanta na Hausar a saƙon murya don waɗanda ba sa karatu, a sa kwanan wata, a bar lambar da mai gyara zai kira. Gyaran da ya tabbata a yi shi a saman rahoton, a tura shi duk zaurukan da na farkon ya shiga. Teburin da kwafin takardun kuma a ajiye su wuri biyu, ɗaya a intanet ɗaya a hannun lauyan, littafin sunayen masu kawo bayani kuwa ya zauna wurin mutum ɗayan nan da ya riƙe shi tun farko.